Bunsurun da Ya Cinye Ƙarar Giyata

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma har yanzu da nake ba da labarinsa raina bai gama hucewa ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a ciki. Sunana Jibo, fenti nake sayarwa a kasuwar Wunti a Bauchi. Duk ranar Asabar da sassafe ni da abokina Tukur mukan hau kekunanmu na tsere mu bi hanyar Dass, shekara da shekaru. Kekunan iri ɗaya muka saya a gwanjo, giyarsu ta masu farin shiga ce, mai hawa takwas, wato fayafai takwas masu haƙora a jikin tayar baya, sarƙa tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Tawa in na canza ta sai ta ce ƙarrr, sannan ta ce kas. Ba ta taɓa ɓoye wa kowa abin da take ciki ba. A hanyar akwai wani dogon hawa da muke kira Hawan Tsamiya, saboda tsamiyar da ke can samansa, inda muke tsayawa mu sha ruwa. A wannan hawa ni nake shiga gaba kaɗan, in na canza giya Tukur ya ji ƙarar, shi ma sai ya canza. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba, haka kawai muka tsinci kanmu muna yi.

Watan jiya Tukur ya kwance giyarsa ya ɗaura matsakaiciya, mai hawa goma sha ɗaya. Tun daga ranar ba mu da hira sai tata. Ta fi rashin nauyi, ta fi santsi, birkinta da yatsa ɗaya ake kama shi, ba ta magana. Asabar ɗin da ta wuce ya bar ni a tsakiyar hawa. Da na iso tsamiya ina haki, na tarar da shi zaune a ƙasa yana matsa cinyoyinsa, ya dubi kekena ya ce, "Jibo, wannan ƙarar taka ta ishi jama'a. Ka san yadda za ka yi da ita, in ba haka ba Asabar mai zuwa 'yan gaba zan bi." 'Yan gaba su ne samarin nan da ke wuce mu a guje kamar an biyo su, ko sannu ba sa cewa. Maganar ta ci mini rai ƙwarai. Jiya Juma'a na kwanta ban san ko da safe zai biyo mini ba.

Sai ga ni a kan kekena a wata ƙasa, da rana tsaka.

Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tashi. Yana fitowa daga kwalta ɗigo-ɗigo ya nufi sama, gizagizai suna can sun buɗe baki suna tara. Mutane sun juya lemarsu ƙasa suna tafiya, wasu ma sun shiga cikinta sun zauna. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe. Wannan bai dame ni ba, don na ga kowa haka yake.

A ƙofar gari wata akuya sanye da rigar masu ba da hannu ta tsayar da ni. Ta zagaya bayan kekena ta ƙirga fayafan da harshenta.

"Takwas," in ji ta. "Malam, gefen kwata."

"Saboda me?"

"Saboda takwas."

Na duba na ga titin layi uku ne. Gefen kwata namu ne, 'yan takwas, muna tafe muna ƙarrr muna kas. Tsakiya na 'yan sha ɗaya ne, suna sulalewa shiru. Akwai kuma manya, masu giyar da ta fi kowace tsada, waɗanda kekunansu suka yi rashin nauyi har ba sa taɓa ƙasa. Su an ɗaure su da igiya a jikin turakun lantarki don kada iska ta tafi da su, suna can sama suna ta feda ba sa zuwa ko'ina, kowa ya zo wucewa sai ya rusuna ya gaishe su.

Can a layin tsakiya na hango Tukur. Na san ƙeyarsa ko a cikin dubu. Na matsa daidai shi na yi masa sallama. Sallamar ta fito daga bakina ina ganinta, mai kauri, ta tafi ta bugi kunnensa ta faɗo kan kwalta. Ko waiwaye bai yi ba. Na sake yi, ta sake faɗowa.

Akuyar ta tsince su duka biyun ta jujjuya.

"Ba za ta shiga ba," ta ce. "Sallamarka mai kauri ce, irin sarƙar 'yan takwas. Shi kunnensa an tsuke shi daidai siririyar sarƙa."

"Wannan kunnen? Kunnen da na yi wa barka ranar sunan 'ya'yansa duka? Kunnen da na raɗa wa cewa wandonsa ya yage a gidan surukai?"

"Wancan tsohon kunne ne."

Raina ya ɓaci. Na taka feda don in cim masa in kamo rigarsa, na canza giya, ta ce ƙarrr, ta ce kas. Garin duka ya tsaya cak. Har ruwan da ke tashi ya dakata a daidai gwiwa yana kallona. Akuyar ta busa usur.

Sai ga ni a ofis.

A saman ƙofa an rubuta Ma'aikatar Daidaita Giya. Darakta wani ƙaton bunsuru ne mai tabarau da gemu har ƙirji. Yana tsaye a kan tebur, kujerarsa kuwa tana gefe an ɗora mata fanka don kada ta ji zafi. Warinsa ya cika ɗakin, amma tunda Darakta ne, kowa yana shaƙa da ladabi.

A kan benci an zaunar da giyoyi biyu. Tawa tana hagu, baƙi ƙirin da mai, ta naɗe sarƙarta a cinya, ta sunkuyar da kai. Ta dama matsakaiciya ce irin ta Tukur, sai ƙyalli take, ta ɗan ja jiki gefe don kada tawa ta shafa mata.

"Malam Jibo," in ji Darakta, "ana tuhumarka da yin ƙara a ƙasar da ta ci gaba. Amma mu nan ba ma zalunci. Za mu gwada maka bambancin da idonka, sannan mu yanke hukuncin da muka riga muka yanke."

"Ranka ya daɗe, ai in an riga an yanke..."

"A kawo sikeli."

Aka kawo sikeli irin na mahauta. Aka ɗora tawa a kwano ɗaya, matsakaiciya a ɗaya. Tawa ta rinjaya ƙasa. Darakta ya buɗe aljihun tebur ya fito da mangwaro guda, ya ɗora a gefen matsakaiciya, sikeli ya daidaita.

"Ka gani?" ya ce.

"Na ga mangwaro."

"Shi ne bambancin."

"Yallaɓai, mangwaro ɗaya? A kan mangwaro ɗaya za a raba ni da abokina? Ni da kaina in na ci tuwon dare na fi mangwaro biyar nauyi da safe. Tukur kuwa tumbinsa kaɗai ya yi buhun mangwaro!"

Darakta ya sunkuyo. Ya ɗauki mangwaron ya cinye har ƙwallon.

"To ga shi ka cinye bambancin," na ce.

"Yana nan. Na dai matsar da shi wuri mai tsaro. A kawo matakala."

Bangon ofishin ya buɗe, sai ga matakala biyu gefe da gefe, ɗaya mai hawa takwas, ɗaya mai hawa goma sha ɗaya.

"Ina wannan take kaiwa?" na tambaya.

"Ɗakin sama."

"Waccan fa?"

"Ɗakin sama."

"Ɗaki ɗaya?"

"Ɗaya tak. Hau ka ji."

Na hau mai takwas. Tsakanin hawa da hawa akwai rata, sai ka ɗaga ƙafa sosai, gwiwa ta ce maka wani abu. Na sauko na hau mai goma sha ɗaya. Hawan ƙanana ne, kusa da juna, ban san lokacin da na kai sama ba. A ɗakin ba komai sai wata tunkiya tana dakon wani. Na sauko ina jin haushi, don gaskiya ta biyun ta fi daɗin hawa, kuma ban so ta fi ba.

"Yaya?" in ji Darakta.

"Ɗakin dai ɗaya ne," na ce.

Ya sauko da tabaransa ya nuna giyata da ƙofato. "Dubi wayoyinta. Sun fito gaban keke tsirara, kowa na gani. Dubi wannan kuwa, ta ɓoye nata a cikin hannun keke. Mai mutunci ba ya yawo da jijiyoyinsa a waje."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa wayar da ke waje ita ce kowane mai gyaran keke a gindin bishiya zai canza maka kafin ka gama shan kunu. Na ce sarƙata mai kauri ce, damina nawa ta ci tana nan, tasu kuwa siririya ce, ba ta jimiri. Na ce tawa in ta tsinke a ƙauye sai in samu irinta a rumfar mai faci, tasu kuwa sai an yi waya Legas an jira mota. Na ce giyata ba ta da tsirfa, in na rasa man keke ko baƙin mai na zuba mata sai ta ce na gode.

Da jin an ambaci baƙin mai, matsakaiciya ta sulale daga benci ta suma. Awaki biyu suka ruga suka yi mata fifita, aka kawo wani ɗan mai a kwalba kamar turare aka ɗiga mata, ta farfaɗo.

"Ka ga abin da ka jawo," in ji Darakta. "A ƙara masa laifin baƙar magana."

Giyata ta ɗago kai a karo na farko. "Maigida, ka bar su," ta ce da muryarta mai kaushi. "Ni na san ni ta farin shiga ce. Amma ban taɓa barin ka a hanya ba."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, kuma hawayen ma sama suka yi, suka jiƙa mini gira.

Na sassauta murya. Na ce, "Ranka ya daɗe, to a yi sulhu. A ba ni ɗan ƙarfen nan nata na baya, mai tura sarƙa, a ɗaura mini a kan tawa. Sauran a bar mini kayana."

Ofishin duka ya fashe da dariya, har kujerar.

"Ba sa haɗa kwano," in ji Darakta. "In ka ɗauki mai tura sarƙa, sai ka ɗauki sarƙa. In ka ɗauki sarƙa, sai ka ɗauki fayafai. In ka ɗauki fayafai, sai ka ɗauki hannun da ke ba su umarni. Dangi ne, ba a auren ɗaya a bar saura."

"Wane ne ya kafa wannan doka?"

"Masu sayarwa."

Sannan ya buɗe taga. Ta cikinta na hango Hawan Tsamiya, ga Tukur can ya fara hawa shi kaɗai, ƙarami.

"Ga hukunci," in ji Darakta. "A ƙasar nan duk wanda ka isa tsamiya tare da shi, shi ne abokinka har abada. 'Yan gaba sun taso, suna bayansa. In suka kai shi, nasu ne. Kai kuwa ɗan takwas ba a yarda ka taka hawan ba. Ko ka yarda mu canza maka giya, ko ka koma gefen kwata ka riƙa gaisawa da kwaɗi."

Na dubi giyata. Ta kawar da kai.

"A canza," na ce. Kunya ta kama ni da na ji muryata tana faɗar haka.

Awaki suka taru a kan kekena. Ba su da sifana, da haƙora suke kwance kusoshi. Suka cire komai suka ɗaura sabo. Da suka gama sai wata tsohuwar akuya ta zo da ludayi, ta zura a cikin tsohuwar giyata ta kwaso ƙarar. Na gan ta da idona, baƙa ce, tana mutsu-mutsu kamar tarwaɗa. Aka zuba ta a kwanon sha aka rufe da murfi, aka ajiye a gaban Darakta.

"Za a adana maka ita," ya ce. "Buɗe baki."

Na buɗe don in tambayi dalili, sai suka ɗiga mini man kwalbar nan a maƙogwaro.

Sai ga ni a gindin hawa.

Zan faɗi gaskiya ko da tana ƙona mini rai: giyar nan tana da daɗi. Na taɓa hannun giyar da ɗan yatsa, kafin in gama niyya ta riga ta canza. Ba ƙarrr, ba kas. Duk inda hawan ya ɗan ƙara tsauri akwai hawan giyar da ya dace da shi daidai, ba wanda ya yi nauyi, ba wanda ya yi sako-sako. Na kama birki don gwaji, keken ya tsaya da ladabi. Ina hawa ina tsaki, ina tsaki ina jin daɗi, kuma jin daɗin ya fi komai ba ni haushi.

Ruwa ya ƙaru. Yana tashi daga kwalta fari fat, har ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo dab da shi. A haka na kusa karo da Tukur.

Yana tsakiyar hawa, a tsaye kan feda, ya sa giya mafi nauyi, irin wadda ake sa wa a gangare. Jijiyoyin wuyansa sun fito. Keken ba ya gaba, har ma yana ɗan zamewa baya. Ya karkata kai ya miƙa kunne cikin farin ruwan nan.

"Jibo!" yake kira. "Jibo, yanzu ne? In canza? Ban ji ka ba!"

Fayafansa goma sha ɗaya kuwa kowanne yana raɗa masa, ni, ni, a'a ni. Yatsansa yana kan hannun giya, ya rasa wanda zai bi. Ashe duk shekarun nan mutumin nan bai taɓa sanin lokacin canza giya da kansa ba, kunnensa ne ke tuƙa shi.

Na matso har kafaɗarmu ta kusa haɗuwa. Na canza giya. Shiru. Na sake canzawa, na hau sama na sauko ƙasa, duk goma sha ɗayan na bi, ko ƙwarya-ƙwaryar ƙara babu. Na buɗe baki na ƙwala masa kira, sai muryar ta sulale ta fita ba sauti, man nan ya yi mata santsi. Na miƙa hannu in taɓa shi, hannun ya zame. Ina nan gefensa yana kiran sunana yana kallon wani wuri.

Daga ƙasan hawa na ji wani huci. 'Yan gaba ne, sun jeru, na gabansu yana riƙe da igiya mai zarge a baki.

Ban taɓa jin fushi irin na lokacin ba. Na juya keke. A ƙasar nan in kana son komawa inda ka fito gefe kake yi, don haka na yi gefe, na faɗa ta tagar ofis.

Darakta yana kan tebur yana lasar gemu. Kwanon shan yana gabansa a buɗe, wayam.

"Ina ƙarata?" na ce. Muryata ta dawo, don a ofis kowa yana da izinin yin ƙorafi, saurare ne kawai ba a yi.

"An adana ta."

"A ina?"

"Wuri mai tsaro."

"Tare da mangwaron?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa irin ta manya, sai gyatsa ta riga shi. Ƙarrr, kas. Ƙarata ce, ba ko tantama, har da ɗan tsaikon nan da take yi a tsakiya.

"Ka cinye mini ƙara!" na ce. "Kun ce ta dami jama'a, kun ce ƙauyanci ce, kun raba ni da ita, ashe daɗinta kuke ji! Amana ce fa aka ba ka, Yallaɓai!"

"Ka rubuto ƙorafi."

"Don ka cinye shi ma?"

A jikin taga akwai wani zanin atamfa da aka shanya yana jiƙewa. Na fizgo shi. Na kama Darakta ta ƙaho na juya shi na ɗora a bayana, na ɗaure tam, kamar yadda matata Lantana take goyo, har da ɗan tsallen nan na gyara zama.

"Kai! Ni Darakta ne!"

"A ofis. Nan goyo ne."

"Za ka yi bayani a gaban kwamiti!"

"Riƙe tabaranka."

Sai ga mu a kan hawa.

Bunsuru yana da nauyi, ya fi mangwaro nesa ba kusa ba, kuma warinsa a kusa wani abu ne daban. Gemunsa yana shiga mini wuya. Amma sabuwar giyar ta ɗauke mu mu biyu ba ta yi gunaguni ba, wannan ma na ba ta. Na ratsa ta tsakiyar 'yan gaba, na gabansu har ya fara juya igiya a sama. Na wuce Tukur, na shiga gabansa kaɗan, inda na saba zama. Na taɓa giya da yatsa, na kai wa Darakta gwiwar hannu a ciki.

Ƙarrr, kas.

Tukur ya ɗago kai. Fuskarsa ta washe.

"Jibo! Ɗan banza, ina ka shiga?"

Ya canza. Kekensa ya daina zamewa, ya motsa gaba. Igiyar 'yan gaba ta faɗi a inda yake tsaye ɗazu, ta kama ruwa.

Daga nan muka kama aiki. Hawa ya yi tsauri, in taɓa giya, in zunguri Darakta, ya yi gyatsa, Tukur ya canza. Ina jin numfashinsa a bayana daidai inda na saba jin sa. Farin ciki ya kama ni, irin wanda na manta da shi tun watan jiya, ga shi kuwa ina goye da bunsuru.

"Wannan cin mutuncin hukuma ne," in ji Darakta a kunnena.

"Yi gyatsa."

"Ina gargaɗinka, ta kusa ƙarewa. Saura guda."

"Ƙarya kake."

"Ni na ci, ni na san abin da ya rage."

Ga tsamiya can ta fito daga cikin ruwan, saiwoyinta a sama, ganyenta a ƙasa. Kafin a kai gare ta akwai wani ɗan wuri mai tsauri, wanda ya fi ko'ina, inda kullum nake sauka giya ta ƙarshe. 'Yan gaba sun sake matsowa, ina jin igiyarsu tana kaɗa iska. Tukur ya fara nishi.

"Jibo, yanzu?"

Na jira. Na san wurin, akwai wani ɗan faci a kwalta. Tayata ta gaba ta taka shi. Na tattara ƙarfina na kai wa Darakta gwiwar hannu.

Ƙarrr.

Na jira kas, ba ta zo ba. Na sake zungurarsa. Ƙarrr kawai yake yi, ƙarrr, ƙarrr, ba ya ƙarasawa. Tukur ba ya canzawa sai ya ji kas, na san shi. Igiyar ta taso sama ta buɗe baki a kan kansa. Na yi ihu na ce, ƙarasa mana, azzalumi, ƙarasa!

Na buɗe ido na ga rufin ɗakina. Gari ya fara haske. Na ƙanƙame matashin kai ta baya, gwiwar hannuna tana zafi, Lantana tana tsaye bakin ƙofa tana kallona da mamaki. Ƙarrr ɗin kuwa ba ta tsaya ba, daga zaure take fitowa.

Na fita a guje ba takalmi. Tukur ne tsugune a zaure da kayan hawansa. Ya kifa kekena ƙafafu sama, yana juya feda da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da sukudireba, ya saita ta a kan ɗan ƙarfen baya.

"Ka tashi, sarkin barci?" ya ce. "Lantana ce ta buɗe mini. Na ce kafin ka farka bari in kashe maka ƙarar nan. An nuna mini yadda ake yi, ɗan juyi kaɗan ne, shi ke nan ka huta."

Na fizge sukudirebar daga hannunsa.

"Wallahi ka taɓa ta sai mun ɓata."

"Kai, lafiyarka? Taimakonka fa zan yi."

"Ranar Asabar da ka bar ni a hawa, da wace giya ka ƙarasa?"

Ya sosa ƙeya. "Oho," ya ce. "Ni dai na san har Laraba ina ɗingishi."

Na kama fedar na ƙarasa juyin da ya bari. Sarƙar ta faɗa wurinta, ta ce kas.

"Zan yi sallah in fito," na ce. "Kuma yau a bayana za ka tsaya, kai da sha ɗayanka."

Na shiga ciki da sukudirebar, na sa ta a ƙarƙashin katifa. Ina tsugune ina alwala na ji daga zaure an sake juya feda a hankali. Ƙarrr, kas. Aka ɗan yi shiru, sannan aka sake.